Tatsuniyar Gizo Ba Ta Wuce Ƙoƙi

Akwai wani wasa da samarin layinmu suke yi a babbar kasuwar Garwa. Ban taɓa shiga ba, amma gaskiya ban taɓa hana su ba. In Baffana ya zo bayan la'asar ya zauna kan bencin ƙofar shago, sai ɗaya ya ɗauko maganar da ko kusa ba ta haɗa hanya da kuɗi ba, ɗaya kuma ya zuba wa agogo ido. Abin da ake ƙirgawa shi ne minti nawa Baffa zai yi kafin ya kai hirar ga watan Janairun 1994. An taɓa gwada shi da ciwon haƙori. Minti biyu bai cika ba. Ya ce ai maganin haƙori daga Faransa ake kawo shi, kuma shi ya san nawa ake sayar da shi kafin daren da aka karya sefa, ya san nawa ya koma da gari ya waye.

Kowace majalisa tana da irinsa, kun san su. A tamu kaɗai akwai uku. Akwai wani dattijo da ko kukan rashin ruwan famfo ka yi sai ya ce zamanin Ahmadu Ahijo ba haka ba ne, daga nan ya wuce zuwa ga cewa mutumin nan ɗan Garwa ne, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, ya rasu a Dakar a 1989, kuma har yau gawarsa tana can ba a dawo da ita gida ba. Akwai wani direba da duniyarsa ta tsaya a 2008, shekarar da Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, Al Ahly ta Masar ta ɗauke. Ko ta'aziyya aka je sai ya samu ƙofar da zai shigo da wasan. In kuwa baƙonmu na Yola ya zo, to dam ɗin Lagdo ne: an sako musu ruwa a 2012, an sake sakowa a 2022, gonarsa ta tafi. Waɗannan duk da sauƙi, ana dariya a wuce. Na Baffa ne ya kusa raba mu da surukai.

Bari in faɗa muku abin da ya same shi, don yaran yanzu suna jin "1994" ne kawai kamar waƙa. Tun 1948 farashin sefa bai motsa ba: sefa 50 ita ce faran ɗaya na Faransa. Mutane sun yi haihuwa sun yi jikoki a kan wannan lissafi, har ba wanda ke ɗaukarsa a matsayin abin da zai iya canzawa. Ranar Talata 11 ga Janairu 1994 shugabannin ƙasashen da ke amfani da sefa suka kammala taro a Dakar tare da manyan Faransa da na asusun lamuni na duniya, da dare aka karanta sanarwa. Wanda ya karanta ma ɗan Kamaru ne, ministan kuɗi Antoine Ntsimi. Daga washegari faran ɗaya ya koma sefa 100. Wato duk wanda ya kwana da jaka goma a ƙarƙashin filo, ya tashi da jaka biyar in kayan waje zai saya.

Baffa a lokacin shadda da atamfa yake ɗaukowa daga Duwala, jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundare, mota ta ƙaraso da su Garwa. Bashi yake karɓa a wurin wani babban dila, kuma a takardar da suka sa hannu da faran na Faransa aka rubuta kuɗin. Shi kuma ya raba kayan bashi da sefa, mafi yawa ga ma'aikatan gwamnati da matansu, waɗanda a 1993 sau biyu aka zaftare musu albashi. Sai ya zama abin da ake binsa ya ninka cikin dare ɗaya, abin da yake bi kuma ko rabinsa bai dawo ba. Ya sayar da mota, ya sayar da gidansa na biyu, ya biya har sisin ƙarshe. Bai sake tsayawa da ƙafarsa a kasuwa ba. Mahaifina, ƙaninsa, shi ya riƙe gidan daga nan.

Wani malamin makaranta ya taɓa yi masa bayani a gabana cewa karyewar ta yi wa wasu rana, don audugar da Sodecoton ke fitarwa ta ƙara kawo sefa, manoma sun ga canji a hannu. Gaskiya ya faɗa. Baffa ya dube shi ya ce, "Malam, ni auduga ka ga ina nomawa?"

To, shekarun baya kaɗan aka zo neman auren ƙanwata. Mutanen Yola ne, gidan mutunci, sun taso tun asuba sun tsallako iyaka da goronsu da alewarsu. Mahaifinmu ya rasu, don haka Baffa ne waliyyi. Tun dare na je na same shi, na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah gobe ku yi haƙuri da zancen nan." Ya ce, "Wane zance, ɗana?" Wallahi da gaske yake tambaya. Wannan shi ne abin da na lura da shi a wurin duk masu wannan hali: ba su san suna yi ba. A ganinsu maganar ce take zuwa da kanta.

Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka zo kan sadaki. Babban baƙon ya ambaci adadi da naira. Baffa ya gyara zama. Ni dai na sunkuyar da kai. Ya ce shi ba zai karɓi naira ba, ba zai karɓi sefa ba, don takarda ce, kuma shi ya ga daren da takarda ta zama rabi. Ya ce a yanke sadakin da zinariya ko da saniya, tunda shari'a ma da dinari ta yi ƙiyasi. Da ya tsaya nan da an fahimce shi. Ina! Sai da ya kai su Dakar, ya dawo da su Duwala, ya lissafa musu farashin yadin shadda kafin da bayan, kusan minti arba'in, shayi ya huce. Baƙi suka ɗauka ana gaya musu ne a fakaice cewa kuɗin ƙasarsu ba kuɗi ba ne, su kuma ba su isa ba. Suka tashi fuska ba walwala. Sai da limamin unguwarmu ya bi su har mota, ni kuma na yi sati biyu ina kiran waya, kafin aka daidaita a kan karsana ɗaya.

Na yi fushi da shi sosai. Na fi wata ban zauna a bencin ba in yana nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin da ke da wannan hali ba ya sauraron kowa. Yana jiran ka numfasa ne kawai ya saka tasa. 'Ya'yansa sun daina kawo masa matsalolinsu. Matarsa, Allah ya ba ta lada, in ya fara sai ta ɗauki buta ta ce za ta yi alwala, ko da lokacin salla bai yi ba.

Ni sana'ata albasa da busasshen kifi ce, ina turawa Yola da Mubi. A watannin farko na 2023 na ba abokan ciniki kaya masu yawa bashi, muka yi lissafi da naira kamar yadda muka saba, a kan za su biya a hankali. Baffa ya ji, ya ce in rubuta da sefa. Na ce masa to, a raina kuwa na ce an fara. A watan Yuni babban bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dala ɗaya da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. A wurin 'yan canjinmu, jaka ɗaya ta sefa da nake samu da naira dubu ɗaya da 'yan ɗari biyu ta koma sai na ba da fiye da dubu biyu da ɗari biyar. Mutanena ba su ci amanata ba, ko naira ɗaya ba su rage ba. Amma da na canza kuɗin na zo biyan manoman da suka ba ni albasa, rabi ne a hannuna.

Ban sayar da gida ba, alhamdu lillahi, amma babur ɗina da filin da na saya wa yara sun tafi. Karsanar ƙanwata kuwa tana wurin wani Bafulatani a hanyar Pitowa, ta haihu sau biyu.

Ba zan ce Baffa ya yi daidai a ranar neman auren ba. Bai yi ba, ya kunyata baƙi a gidansa. Amma na gane cewa shekara talatin muna jin labarin nan, ba wanda a cikinmu ya taɓa tambayarsa yaya takardar bashin take, me ya sa aka rubuta da faran, da me zai yi dabam. Muna jin ya ce "Dakar" sai kowa ya toshe kunne. Ranar da na zauna na yi masa waɗannan tambayoyin, ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jakar fata. Takardar tana ciki, ta yi ja, da rasiɗan biya guda goma sha ɗaya. Ya nuna mini layin da ya sa hannu. Ya ce bai iya karatun Faransanci ba a lokacin, kuma kunya ta hana shi neman wanda zai karanta masa. Wannan bai taɓa faɗa a majalisa ba. Muka yi shiru. Abin mamaki, a ranar bai yi minti goma yana magana ba.

Yanzu duk kayan da zan ba da bashi a ƙetaren iyaka, da kuɗin da zan biya manomi nake rubutawa, kuma ba na barin bashi ya wuce wata ɗaya. Baffa bai daina zancensa ba, kada ku ɗauka ya daina. Samari suna nan da agogonsu.

Makon jiya muna cin tuwon dare, ƙaramar 'yata ta ce malaminsu ya ce a sayo sabon littafin lissafi. Na ce nawa ne, ta faɗa. Na ce ai kafin naira ta faɗi, irin wannan littafin daga Yola ake kawo shi, kuma a watan Yunin 2023... Ban ƙarasa ba na ga uwargida ta miƙe ta ɗauki buta. Na ce, "Ina zuwa? Ai mun yi isha'i." Ta ce, "Nafila zan yi, Alhaji. Ci gaba, yara suna ji."