Yadda Sabon Rezo Ke Isa Unguwa da Ƙauye

Fasahar sadarwar salula takan zo ne daki-daki, kuma ana kiran kowane mataki da lamba: 2G ta murya da gajeren saƙo ce, 3G ta fara ɗaukar intanet sosai, 4G da 5G kuma suna sauke bidiyo cikin hanzari. Kafin kamfani ya fara sayar da sabon mataki sai ya mallaki lasisi, wato izinin gwamnati na aiki da wani kaso na mitar rediyo, kuma a Nijar hukumar ARCEP ce ke sa ido kan harkar. Airtel ce ta fara karɓar lasisin 4G a ƙasar a 2018. A Najeriya, gwanjon 5G na Disamba 2021 ya ci kamfanonin MTN da Mafab dala miliyan 273.6 kowannensu, kuma Kano na cikin biranen da MTN ya fara da su a 2022.

Kamfanin da ya zuba irin wannan jari yakan fara ne da inda kuɗinsa zai yi saurin dawowa, shi ya sa unguwa irin Zariya a Maraɗi, mai cinkoson gidaje da shaguna da masu manyan wayoyi, ta fi jan hankalinsa a kan karkarar Tibiri da Jiratawa. Galibi ba sabon turken sadarwa ake kafawa ba, sabbin na'urori ake ɗaurawa a kan tsoho, sannan a haɗa shi da cibiya ta igiyar fayiba, wadda ke ɗaukar saƙo da haske, ko ta faifan da ke kallon wani turken daga nesa. Wannan haɗin, da jama'a ba sa gani, na cikin abubuwan da kan sa waya ta nuna 4G alhali hoto ya ƙi buɗuwa da daddare, lokacin da kowa ya hau layi.

Sai batun wuta. Turke ba ya hutawa, don haka a Nijar yana dogara da kamfanin lantarki na NIGELEC da janareta da batura da farantan hasken rana, kuma yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a Agusta 2023 ya ƙara wa kamfanoni nauyin sayen mai. Ko an shawo kan wannan, manomin da ke riƙe da ƙaramar waya mai maɓallai yana nan a kan 2G har sai ya sayi wayar da ke karɓar sabon rezo, wani lokacin ma ya sauya katin layinsa.