Zazzaɓin da Ya Ƙi Jin Maganin Sauro

A wurinmu da jiki ya yi zafi sai a ce sauro ne, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma idan ka sha maganin zazzaɓin cizon sauro har ya ƙare, mako biyu ya wuce, uku ya wuce, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, to lokaci ya yi da za a duba wani wuri. Ɗaya daga cikin wuraren da muke dubawa ita ce zuciya.

Zuciyarka tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu. Kowace ƙofa tana buɗewa jini ya wuce, ta rufe don kada ya koma baya. Ƙofa mai lafiya santsi gare ta, ƙwayar cuta ba ta samun wurin kamawa da sauƙi. Wadda ta ji rauni kuwa takan yi kaushi. Raunin yakan faro tun yarinta. Yaro mai shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro, ba a ba shi penisilin ba, bayan mako biyu ko uku gaɓoɓinsa su kumbura, yau gwiwa, gobe idon sawu. Gaɓoɓin su warke, kowa ya manta, amma tabo ya zauna a ƙofar zuciya. Wasu kuma da raunin aka haife su.

Ƙwayoyin cuta suna shiga jini ta haƙori mai kogo da dasashi mai zub da jini, ta allurar da aka yi wa wani aka sake yi maka, ta tsaga da aska ɗaya, ta marurun da ake matsewa. In sun iso ƙofa mai tabo sai su manne, su haɗu da gudan jini su zama ɗan curi. Shi ne yake kawo zazzaɓin, maganin sauro kuwa ba ya taɓa shi.

Ciwon yakan zo a hankali, shi ya sa yake ruɗin mutane. Za ka ga zufa da dare har riga ta jiƙe, rama, kasala, da haki a aikin da ba ya sa ka haki a da. Ƙafafu suna iya kumbura. Dubi faratanka, wani lokaci akan ga 'yan layuka ja ko baƙi a ƙarƙashinsu kamar sartse. Akan ga ɗigo-ɗigo a tafin hannu ko na ƙafa, fitsari ya yi ja, saifa ta girma. Abin da muka fi tsoro shi ne ɓarɓashin curin ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa. Sai ka ga saurayi ɗan shekara ashirin da shanyewar ɓarin jiki, dangi su ce iska ce ko jifa.

Idan ka zo asibiti za mu fara sauraron ƙirjinka. Ƙofar da ba ta rufewa da kyau tana yin wani sauti kamar zugazugin maƙeri. Daga nan sai hoto. Hoton radiyo inuwar zuciya kaɗai yake nunawa, ya gaya mana ko ta girma, ko ruwa ya taru a huhu. Ba ya ganin ƙofofi. Wanda yake ganinsu shi ne ekografi, irin na'urar da ake duba mai ciki da ita. Za ka kwanta a gefen hagu, a shafa maka wani mai mai sanyi a ƙirji, a ɗora kan na'urar. Ba yanka, ba zafi, ba ta shan jini kamar yadda wasu suke faɗa a kasuwa. A allon likita yana ganin ƙofofin suna motsi, in akwai curi sai a gan shi yana lilo tare da ƙofar. Ƙarami yakan ɓuya, don haka in an ce ka dawo bayan mako ɗaya a sake hoto, ba neman kuɗinka ake yi ba.

Hoton yana raba ciwon da wasu masu kama da shi. Tarin fuka yakan sa ruwa ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciya, a radiyo sai ta fito zagaye kamar tulu, kuma maganinsa na tarin fuka ne na wata shida. Akwai kuma wani ƙari da ba a cika gani ba, likitoci suna ce masa mikzoma. Yakan tsiro a ɗakin sama na hagu, yana reto a kan ɗan siririn wuya. Shi ma yana kawo zazzaɓi da rama da haki, wani ma ya suma in ya sauya kwanciya, domin ƙarin ya toshe ƙofa. Ba kansa ba ne, amma allura ba ta narkar da shi, sai tiyata. A Kamaru an buɗe cibiyar aikin zuciya a Shisong, kusa da Kumbo, a shekarar 2009.

Maganin ciwon ƙofar zuciya allura ce ta jijiya, kowace rana, mako huɗu zuwa shida. A nan wuyar take. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi yakan sauka, sai ka tuna gona da dabbobi, ka ce a sallame ka. Ƙwayoyin da suke can cikin curin ba su mutu ba tukuna. A ganina gara ku zauna da 'yan'uwa tun ranar farko a san wanda zai riƙe gona da wanda zai yi jinya, da a yanke magani a rabi.

Kafin ka taso, kada ka sayi kafso wurin mai talla don ka sami ƙarfin tafiya. A inda ake iya gwajin, akan ɗebi jini kamar sau uku kafin a fara allura don a gane irin ƙwayar, kafso kuwa yana ɓoye ta. Wanda ka riga ka sha, ka zo da kwalinsa ko da babu komai ciki. Ke kuma uwa, in an taɓa gaya miki yaronki yana da rauni a zuciya kuma yana karɓar allurar penisilin duk mako uku ko huɗu, ki zo da katinsa.