Zaman Tsirrai a Buɗaɗɗen Daji: Misali Daga Arewacin Zamfara

Idan aka ambaci daji, abin da ke fara zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne itatuwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa itatuwa kashi ɗaya ne kawai na jama'ar da ke zaune a daji, musamman irin dajin da rassansa ba su haɗe sun rufe sama ba. Masana ilmin tsirrai na kiran irin wannan zama al'ummar tsirrai, watau tarin itatuwa da ciyayi da suka saba zama wuri guda saboda ƙasa da ruwa da hasken wurin sun dace da su, kuma kowannensu yana taɓa rayuwar ɗan'uwansa.

Turawa sun daɗe suna nazarin wannan a duwatsun ƙasarsu. A Suwizalan, alal misali, idan mutum ya hau har kusan mita 2,000, zai tarar itatuwa masu ganye kamar allura, irin su fayin da danginsa, sun fara tsayawa jefi-jefi saboda sanyi da ƙarancin ƙasa. Da yake rana na isa ƙarƙashinsu, sai gajerun itatuwa da ciyayi su cika tsakaninsu, har nau'o'in da ke ƙasa su ninka na sama yawa. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da rani na wata bakwai ko takwas, da wuta, da bakin dabba, kuma su ne suke yi wa dajinmu abin da sanyi ke yi wa nasu.

Ƙasar da ake magana a kanta ita ce wadda ta tashi daga Kurya Madaro da Ƙaura Namoda ta nufi Zurmi da Shinkafi, inda gulaben Gagare da Bunsuru suke ratsawa kafin ruwansu ya shiga gulbin Rima. Ruwan sama a nan yakan kama daga milimita 600 zuwa 900 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Daga gabas akwai gandun dajin Zamfara, wanda Turawan mulki suka keɓe gab da shekarar 1920, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000, ya kuma haɗe da dajin Rugu na Katsina. An bar wasu ƙauyuka a cikinsa, irin su Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja.

Wanda ya hau tudun dutse a wannan yanki zai fara gamuwa da hano da kukkuki. Dukkansu biyu suna son tsaguwar dutse, inda ƙasa ba ta da zurfi, suna kakkaɓe ganye da zarar damina ta ɗauke, su tsaya tsirara har bazara. A gindin tudun, inda marmara ta yi fako, mulkin geza ne. Geza ba ta da kwarjini, amma aikinta ya fi na manyan itatuwa da dama a wurin. Ruwan da ya sauka a fako gudu yake yi bai shiga ƙasa ba. Kurmin geza shi ke tare shi, ya tare ganye da rairayi da iri da ruwan ya kwaso. A wannan 'yar ƙasa da ta taru ne ciyawa ke samun wurin tsira, a cikin sarƙaƙiyar rassan kuma ɗan marke ko ɗan farun da ya tsiro yake ɓuya daga akuya har ya yi ƙarfi. Mai saran itacen wuta da ya share geza yana ganin ƙiraruwa ya ɗiba, alhali renon manyan itatuwan gobe ya rushe.

A jigawa kuwa sabara da kalgo ne suka fi yawa. Manomi na sare su kowace shekara lokacin sharar gona, su kuma sake tofowa daga kututture, domin saiwarsu ta yi nisa a ƙasa. Binciken da aka yi a ƙasar Sanagal ya tabbatar da cewa sabara na jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare, ta sake shi kusa da sama, har geron da ke gefenta ya sha. Gawo ma yana da nasa halin: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saboda haka ba ya hana shuka rana, ganyensa da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa su zama taki. A fadama da bakin gulbi sai a ga giyayya da kanya da bagaruwa. Tsamiya takan zaɓi suri, inda gara ta tara ƙasa mai ƙarfi.

Amma ni a ganina, wanda ke son sanin lafiyar daji, ƙasa ya kamata ya duba tun kafin ya ɗaga kai. Gamba ciyawa ce mai shekara. Tushenta ba ya mutuwa da rani, yana riƙe ƙasa, yana fitar da sabon toho tun kafin ruwa ya zauna. Ita ake yin zana da ita, ita kuma shanu suka fi so. To, son nan shi ne ajalinta. Idan aka yi ta kiwonta ba hutu, tushen ya ƙare abin da ya tara, sai ta mutu, kyasuwa da sauran ciyayi 'yan damina ɗaya su gaje ta. In matsi ya ci gaba, ƙarangiya da tafasa su shigo. Tafasa dai mutane na kwaɗonta, amma dabba ba ta cika cin ɗanyenta ba, shi ya sa take mamaye wurin da aka cinye kome. Fili na iya yin kore shar a watan Agusta, baƙo ya yaba, makiyayi kuwa ya san ba abinci a ciki. Farin 1973 da na 1984 sun gaggauta wannan canji a ƙasar Hausa ta arewa baki ɗaya.

Wuta ma tana da hannu. Wadda aka sa da kaka, ciyawa da sauran danshi, lasa take yi ta wuce. Wadda ta tashi a Maris, kome ya bushe, ita ke kashe ƙananan itatuwa, ta bar masu kaurin ɓawo kaɗai.

Tun wajen shekarar 2011 da ta'addancin 'yan bindiga ya yi ƙamari a Zamfara, sunan wannan daji ya koma abin tsoro a bakin mutane, aka daina maganar abin da ke tsirowa a cikinsa. Dabbobi da masu neman itace da ba su iya shiga ciki sai suka taru a kewayen garuruwa, nauyin ya faɗa wa 'yan itatuwan da ke kusa. Madobiya ta fi kowa shan wuya. Makiyayi na sassabe rassanta a ƙarshen rani domin ganyenta, daidai lokacin da ya kamata 'ya'yanta su nuna su faɗi. Masu katako kuma sun bi ta a Afirka ta Yamma har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta ƙayyade cinikinsu daga 2017. Itacen da ake yi wa aski kowace shekara yana iya daɗewa a tsaye, sai dai ba ya barin iri, ɗan abin da ya tsiro kuwa ba gezar da zai ɓuya a ciki. Haka ake samun fili da tsofaffin madobiya da ƙirya tsaye nan da can, mutum ya zaga gindinsu duka bai ga ƙarami ko ɗaya ba.