Matakan Lissafi a Kwalejin Fasaha

Ɗalibin da ya shiga kwalejin fasaha bayan ƙaramar sakandare, shekara uku ke gabansa kafin jarrabawar NABTEB. Akan fara masa da awo da rabon abu gida-gida, sa'annan aljabara, daga bisani lissafin kusurwoyi, domin kowane mataki bisa na baya yake zaune. Magini in zai daidaita kusurwar ɗaki, igiya yake ja: ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, tsakaninsu ya zo 5, saboda 9 da 16 sun tashi 25. Abin takaici, malami kan yi gaggawar wuce matakin farko. Sai a aji uku ɓarnar ke bayyana, sa'ad da mai koyon kafinta ya kasa raba inci gida takwas, katako ya salwanta.