Tayar da Za Ta Kai Ka Magami Ta Dawo da Kai

Duk mai Hilux ko a-kori-kura ko jif da ke bin hanyar Gusau zuwa Magami, har ya zarce Ɗansadau, ya san motarsa hanya iri biyu take ci a yini guda. Babban titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe da Kwatarkwashi ya shiga Gusau, ya wuce Bunguɗu ya nufi Sakkwato, kwalta ne. Da zarar an sake shi an nufi ƙauyukan da ake ɗauko masara da dawa da waken suya, sai a faɗa burji mai tsakuwa, da ramuka masu kaifin baki inda tsohuwar kwalta ta farfashe, da rairayi a mashigar rafi, sannan daga Yuli zuwa Satumba ga laka mai riƙe ƙafa. Akwai kuma abin da ba sai an faɗa wa ɗan yankin ba: tsayawa a daji don canjin taya ba abin wasa ba ne a wannan zamani. Motar da ke cikin ayari da rakiyar jami'an tsaro, in tayarta ta yi bindiga, ko dai ta tsayar da jama'a a inda ba a son tsayawa, ko a wuce a bar ta da mutanen cikinta. Don haka zaɓen taya a nan ya wuce maganar ado ko jin daɗin tuƙi.

Tayoyin waɗannan motoci kashi uku ne, kuma yawanci ana rubuta alamar a jikinsu. Mai H/T ta kwalta ce: zanenta ƙanana ne a matse, ba ta ƙara, ba ta sa mota shan mai, ita ce kuma yawancin jif-jif ke zuwa da ita daga kamfani. Mai M/T ta laka ce, mai manyan haƙora da faffaɗan rami a tsakaninsu don laka ta riƙa fita. Mai A/T ita ce ta tsakiya, wadda aka ƙera don ta taka kwalta ta taka burji. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da tasa a 1976, yau kuma kusan kowane kamfani yana da irinta: Bridgestone na da Dueler, Yokohama na da Geolandar, Dunlop na da Grandtrek, ga Maxxis, ga na Sin masu sauƙin kuɗi.

A ganina, mafi yawan masu bin hanyoyin Magami da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu A/T ce daidai da su. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Gusau zuwa Kaduna ko Sakkwato ba, ya zauna a kan H/T, kuɗinsa sun huta. M/T kuwa tana da ban sha'awa a ido, kuma a cikin taɓo babu kamarta, amma damina wata huɗu ce, sauran watannin a kan busasshiyar ƙasa da kwalta za a yi su. A can tana gurnani, tana saurin cinyewa, tana ƙara shan mai, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ba wanda ke raina shi. Abin da ya fi damuna da ita shi ne birki: a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama ƙasa kamar sauran, domin robar da ke taɓa titi kaɗan ce. Sai wanda aikinsa shiga gona ne a tsakiyar Agusta ya kamata ya yi tunaninta.

To amma zane shi ne abin da ya fi ruɗin masu saye. Mutum ya shiga shago, a mirgino masa taya mai haƙora zaƙo-zaƙo, ya shafa, ya ce wannan ai ko dutsen Kwatarkwashi za ta hau. Alhali abin da ke kashe taya a hanyoyinmu ba ƙarancin zane ba ne. Gefenta ne ke yagewa a bakin rami ko a kan kututture, ko kuma nauyi da zafi su cinye ta daga ciki. Bayanin ƙarfinta kuwa yana rubuce a gefen, inda mutane ƙalilan ke sunkuyawa su karanta.

Ɗauki rubutu irin wannan, wanda ake gani a Hilux da yawa: 265/65R17 112S. Lamba 265 faɗin tayar ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 17 kuma girman rim ne a inci. Wanda ya fi muhimmanci ga mai ɗaukar kaya shi ne 112. Ba kilo 112 ake nufi ba, lamba ce da ke da fassara a jadawali: 112 na nufin tayar za ta iya ɗaukar kilo 1,120, lamba 110 kilo 1,060, lamba 120 kilo 1,400. Harafin ƙarshe na gudu ne, S kilomita 180 a awa, kuma wannan ba shi ne matsalarmu ba. Yanzu yi lissafi da buhun masara mai kilo 100. An ƙera Hilux ta ɗauki wajen tan ɗaya, wato buhu goma, har da nauyin mutanen ciki. Ranar kasuwa akan ga an ɗora buhu ashirin, ga fasinja a sama. Tan biyu ke nan, kusan dukansa a kan ƙafafun baya biyu, waɗanda iyakarsu a haɗe kilo 2,240 ne, ba a ma sa nauyin bodin motar ba. Irin wannan tayar ba ta buƙatar ƙusa kafin ta fashe.

Mai lodi ya nemi taya mai alamar LT, ko mai harafin C a ƙarshen girmanta kamar 205R16C. Waɗannan an ƙera su ne don motocin kaya, jikinsu ya fi kauri. Masu shago kan ce "fulai shida", "fulai takwas", "fulai goma", a jikin tayar kuma za ka ga 6PR, 8PR ko 10PR. Ga a-kori-kura mai aikin kasuwa, fulai takwas ya kamata ya zama mafari. Tana da nauyi, tana da tauri, mota za ta ɗan riƙa jijjiga in babu kaya, kuma tana son iska fiye da ta ƙaramar mota. Duk da haka ita ce ke jure tsakuwa da ƙaya. Sai dai a sani, ƙarfin taya ba ya ƙara wa sifirin da birki da aksul ƙarfi. Obalodi yana nan a obalodinsa.

Daga nan sai shekaru. Taya tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba, domin roba tana bushewa, zafi irin na Maris da Afrilu kuma yana gaggauta hakan. A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 3522 na nufin mako na 35 na 2022. Wani lokaci a fuska ɗaya kawai ake buga su, don haka a juya tayar. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Wasu kamfanoni, kamar Michelin, sun fi sassauci: a riƙa kai ta dubawa duk shekara bayan ta cika biyar, kada ta wuce goma. A yanayinmu da irin lodinmu na fi natsuwa da maganar FRSC. Kuma tayar da ta yi shekara uku a shago, ko tana cikin ledarta, an riga an cinye mata fiye da rabin rai, bai kamata a biya kuɗin sabuwa a kanta ba.

Wannan ya kawo mu ga 'yar Beljiyam, wato tayar hannu da ake shigowa da ita daga waje. Na san halin da ake ciki. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙira a Ikeja a 2008, tayar mota daga waje take zuwa, farashinta yana bin dala. Saitin A/T huɗu sababbi ya fi ƙarfin mutane da dama, ba kuma don rowa suke komawa ga ta hannu ba. Amma ya kamata mai saye ya san abin da yake saye. Dokar ƙasa ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, saboda haka babu wanda ya tantance waɗanda ke kasuwa. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin kwantena, kuma wannan cushe yana lanƙwasa wayar da ke riƙe bakin taya a jikin rim. Akwai suɗaɗɗun da ake sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi, har a kusa taɓa waya.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi mai neman A/T kai tsaye. Cikin tayoyin da ke zuwa daga Turai, da yawa na lokacin ƙanƙara ne. Zanensu mai zurfi ne, da 'yan tsage-tsage ƙanana birjik a kan kowane haƙori, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ta daji ce. Robarsu mai laushi ce, an haɗa ta don sanyin da ruwa ke daskarewa, a kan kwaltar Gusau da rana tsaka kuwa cinyewa take yi da sauri, ta kuma rage wa birki kamu. A duba: in akwai hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, kuma babu A/T a sunan tayar, ko an rubuta Winter, a bar ta. Wanda dole ta sa shi sayen ta hannu, ya sa a ciro ta a haske, ya zura hannu ciki ya shafa ko akwai faci a gefe, ya matsa gefen ya ga ko tsaga za ta buɗe, ya duba ko akwai kumburi. Kumburi alama ce cewa zaren ciki ya tsinke, kuma ba shi da gyara.

Game da girma, shawarata a tsaya a kan wanda kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Samari na son ƙatuwar taya don mota ta yi kwarjini, amma tana gogar bodi in an karya kwana da kaya, tana rage wa mota ƙarfin hawa, tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya. Haka faffaɗan rim mai siririyar taya ba na hanyar Magami ba ne. Gefe mai tsayi shi ke shanye dukan rami, shi ya sa rim 16 ko 17 ya fi 20 amfani a nan. Kuma duk huɗun su zama girma ɗaya, zane ɗaya, musamman ga motar da ake sa wa giyar da ke jan ƙafa huɗu. In kuɗi bai kai ba, a sayi biyu iri ɗaya a ɗaura su a aksul ɗaya.

Ko an sayi tayar da ta fi kowace, iska ce za ta raya ta ko ta kashe ta. Kowa ya san yadda ake yi a bakin tasha. Mai faci ya jawo tiyo ya ce, "Alhaji, nawa za a sa?" Mai mota ya ce, "Cika ta sosai, kaya zan ɗauko." Sai a yi ta bugawa, a ƙwanƙwasa da ƙarfe, in ta yi ƙara a ce ta yi. Ta haka ake samun taya mai iska 60 a motar da ke son talatin da 'yan kai. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kawai ke taka ƙasa, tana tsalle a burji, dutse mai kaifi kuma ya fi saurin huda ta. Mai ƙarancin iska ta fi haɗari: gefenta yana ta lanƙwasuwa, ta ɗauki zafi, sai ta tarwatse ana cikin gudu. Adadin da ya dace yana kan takardar nan ta bakin ƙofa, ɗaya na mota babu kaya, ɗaya na mai kaya. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba umarni ba. A sayi geji na kai, ba shi da tsada, a riƙa aunawa da safe kafin mota ta motsa. In an auna da rana bayan tafiya aka ga iska ta hau, kada a sace ta, zafi ne ya ɗaga ta, za ta sauka da kanta.

A rairayi ko laka mai zurfi, rage iska zuwa wajen 20 yana shimfiɗa tayar ta daina nutsewa. Dabara ce mai kyau, da sharaɗin a tafi a hankali, kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Wannan sai da ɗan famfon da ke aiki da batirin mota, wanda ya kamata ya zauna a bayan kujera tare da kayan toshe huda. Hudar da ke kan zane tana toshuwa. Ta gefe kuwa, ko an sa tub a ciki, ta kai mutum gida ne kawai a canja.

A riƙa juya tayoyi, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, a duba alaimen in an ga gefe ɗaya yana cinyewa. A cikin ramin zane akwai 'yan tudu da ke nuna saura milimita 1.6, iyakar ƙarshe ke nan a kan kwalta. A laka kuwa A/T ta daina aiki tun kafin nan, don haka wanda tayarsa ta ci fiye da rabi ya canja kafin ruwa ya zauna, ba bayan ya kafe a hanya ba.

Saura safaya. A yawancin motocin nan ita ce mafi lalacewa cikin biyar, wata ma ba girmansu ɗaya da sauran ba. Ya kamata ta zama irin waɗanda ke ƙasa, da iskarta, mai doguwar tafiya kuma ya ɗauki biyu. A Hilux tana rataye ne a ƙarƙashin bodi da sarƙa, laka da tsatsa kan cije wurin har ya ƙi saukowa. A gwada sauke ta a gida, a sa mai, a tabbatar jak yana ɗaga motar da kayanta, sifana ta yi daidai da notin ƙafa, notin kuma ba a ɗaure su da injin iska yadda hannu ba zai kwance ba. A ajiye guntun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai, domin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa jak nutsewa yake yi, motar tana nan inda take.