Tuƙin Kwalekwale A Ɗaki Bayan Aikin Zuciya

Wanda aka yi wa aikin zuciya, da ya koma gida sai 'yan'uwa su ce ya kwanta ya huta kawai. Alheri suke nufi, amma yawan kwanciya raunana jiki yake yi.

Akwai wata na'urar motsa jiki mai kwaikwayon tuƙin kwalekwale. Mutum zai zauna bisa kujera mai zamewa, ya tokare ƙafafu, ya jawo sanda zuwa cikinsa. A 1981 wa da ƙane, Dick da Peter Dreissigacker na Amurka, suka fito da samfurin Concept2, da ƙafar keke ma suka haɗa na farkon. Ƙafafu ke ɗaukar yawancin aikin, gwiwa kuma ba ta jigata kamar a gudu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Galibi likita yakan tsaga ƙashin ƙirji kafin ya kai ga zuciya, sa'an nan ya ɗaure shi da waya. Ƙashin kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, jan sandar kuwa a kansa yake sauka. Don haka da tattaki ake farawa, na'ura sai likita ya yarda.

In an hau, minti 5 ya isa da farko. In ka kasa magana saboda haki, sassauta. Mai shan maganin rage bugun zuciya kada ya dogara ga ƙirga bugun. Jiri, ciwon ƙirji, ko jin ƙashi yana motsi, a sauka nan take a nufi asibiti.