Shin gwanintar wasan mota na sa mutum ya iya tuƙi a kan titi?

A lokutan bukukuwan aure da gangamin siyasa a garuruwan kudancin Katsina, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ba baƙon abu ba ne a ga matasa suna wasan mota ko babur: a juya mota wuri ɗaya, ƙura ta turnuƙe, 'yan kallo suna shewa. Hujjar da masu wasan ke kafawa ita ce, wanda ya iya sarrafa mota a irin wannan yanayi ya fi kowa iya kauce wa haɗari. Shin haka abin yake?

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1974, wasu masu bincike biyu a Amurka, Allan Williams da Brian O'Neill, sun kwatanta tarihin tuƙin direbobin tseren mota masu lasisi da na sauran direbobi a jihohi uku. Sun gano cewa a kan titunan jama'a 'yan tseren sun fi yin haɗari, sun kuma fi shiga hannun hukuma saboda gudun wuce kima.

Ƙasar Norway kuwa ta wajabta wa sababbin direbobi horon sarrafa mota a kan titi mai santsi tun daga 1979, saboda ƙanƙarar da ke rufe hanyoyinta. Binciken da ya biyo baya a 1988 ya nuna haɗurra sun ƙaru a tsakanin matasa maza da suka yi horon. Bayanin da masana suka bayar shi ne, horon ya ƙara musu yarda da kai fiye da yadda ya ƙara musu ƙwarewa, sai suka daina rage gudu inda ya kamata.

Fili daban, titi daban

Mai wasa a fili ya san inda zai juya da lokacin da zai taka birki. Direban da ya nufi Mahuta, a ƙaramar hukumar Kafur, lokacin kaka bai da wannan gata. Gabansa akwai motocin da aka lafta wa buhunan masara, amalanke, garken shanu, babur marar fitila da yaran da ke tsallaka titi.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafa ta kai ga birki. Idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkuwa sau huɗu. Babu gwanintar da ke sauya wannan lissafi.

Sanin yadda birki da sitiyari ke aiki a lokacin gaggawa yana da amfani. Amma abin da ya fi tsare rai shi ne hangen haɗari tun daga nesa, barin tazara da kiyaye ƙa'idar gudu: kilomita 50 a cikin gari da 80 a babbar hanya ga ƙananan motoci, kamar yadda dokokin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, suka tanada.

Don haka tambayar da ta kamata matasa su yi wa FRSC da hukumar KASSAROTA ta Jihar Katsina ita ce: shin ana gwada waɗannan halaye kafin a ba mutum lasisi, kuma ana hukunta ayarin 'yan siyasa idan suka mayar da titi filin wasa?